Tattaki, tashi da lema da nutso a gaɓar Fethiye da Kash: yadda za ka tsara tafiyar

Tun da na dawo daga kudancin Turkiyya tambayoyi iri ɗaya ke ta zuwa mini: nawa ka kashe, ba ka ji tsoro ba, wane wata ya fi, mace za ta iya? Yawancin masu tambayar sun san Istanbul, sun je sarin kaya ko ganin likita, amma ba su taɓa sauka gaɓar Bahar Rum ba. Ga amsar a dunƙule. Yankin da nake magana a kai shi ne tsakanin garin Fethiye da garin Kash, inda duwatsu ke gangarowa har cikin teku, kuma kwana goma zuwa sha ɗaya sun isa mutum ya yi tattaki, ya tashi da lema, wato ya sauko daga kan dutse yana shawagi a iska da babbar lema marar inji, ya tuƙa kwale-kwale, ya yi nutso a teku da tulun iska. Sai dai a jere su yadda ya kamata. Wanda ya birkita jerin, ko dai ya yi asarar kuɗi, ko ya jefa lafiyarsa cikin haɗari.

1. Zaɓi wata

Lokaci biyu ne masu kyau: Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, sai ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba. A na farkon duwatsu sun yi kore, maɓuɓɓugai na da ruwa, amma tekun da sanyi, zafinsa bai fi digiri 20 ko 21 ba a Mayu. A na biyun tekun ya sha ranar bazara ya yi ɗumi, kusan digiri 25 a Oktoba, sai dai maɓuɓɓugan kan hanya da yawa sun ƙafe, kuma rana na saurin faɗuwa. Idan tattaki ne babban burinka, je a Afrilu ko Mayu. Idan ruwa ya fi jan hankalinka, Oktoba.

Gargaɗi: kada ka ce ai mu 'yan rana ne, ka sayi tikitin Yuli ko Agusta. Zafin can na kaiwa digiri 40, ga laimar teku mai hana gumi bushewa, ga jaka a bayanka, ga hawa. Zafin Sakkwato da kake sha a gindin dalbejiya daban ne da wannan. A watannin nan ma hukumomi sukan hana shiga dazuzzuka saboda gobara.

2. Takardu, jirgi da inshora

Ka fara neman biza aƙalla wata biyu kafin tafiya, kuma ka karanta sharuɗɗan daga ofishin jakadancin Turkiyya kai tsaye, domin suna sauyawa. Fasfonka ya kasance da sauran wata shida ko fiye. Jirgin Turkish Airlines na tashi daga Abuja da Legas da Yamai zuwa Istanbul. Daga nan sai ka hau na cikin gida zuwa Dalaman, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Daga filin jirgin Dalaman zuwa Fethiye kusan kilomita 50 ne, kuma akwai manyan motocin haya da ke jiran saukar jirage, sun fi tasi araha nesa ba kusa ba.

Gargaɗi: Istanbul na da filayen jirgi biyu, babban da ke ɓangaren Turai da kuma Sabiha Gokcen da ke ɓangaren Asiya. Tikitin cikin gida mai araha sau da yawa daga na biyun yake tashi, kuma tsallakawa daga wannan zuwa wancan na iya cin sa'a biyu idan akwai cunkoso. Duba tikitinka da kyau kafin ka biya.

Maganar inshora ce mutanenmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wadda ake saya don cika sharaɗin biza galibi ba ta ɗauke da tashi da lema ko nutso. Ka tambayi kamfanin a rubuce ko ta haɗa da waɗannan biyun da kuma ɗauko mutum daga kan dutse. In ba ta haɗa ba, ƙara kuɗi a saka su.

3. Shirya ƙafa tun daga gida

Mako shida kafin tafiya ka fara. Ba gudu ake nema ba, hawa da sauka ake nema. Mutumin Kano ya nufi Dala ko Goron Dutse, na Zariya ya je Kufena, na Jos kuwa duwatsu sun kewaye shi. Wanda garinsa shimfiɗe yake ya nemi bene mai hawa uku ko huɗu, ya riƙa hawa da sauka na minti talatin, sau uku a mako. Daga mako na uku ka goya jaka mai nauyin kilo shida zuwa takwas, ko da robobin ruwa ne a ciki.

Abin da ke karya mutane a wannan hanya saukowa ce, ba hawa ba. Duwatsun can fararen duwatsu ne masu kaifi, ga tsakuwa mai gangarewa a ƙarƙashin ƙafa. Kowane taku na gangara gwiwa ce ke biyan kuɗinsa, yatsu kuma suna ta dukan bakin takalmi. Ni da kaina na dawo da farcen babban yatsa ya yi baƙi ƙirin, bayan wata guda ya fita, don kawai na sayi takalmi daidai ƙafata cif. Sayi wanda ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya, mai taurin ƙasa da zane mai kama dutse, ka yi yawo da shi tsawon makonnin nan shida. Ka yanke farce kwana biyu kafin ka fara tattaki.

Mai ciwon sikila, mai asma, mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likitansa tun yanzu, ya faɗa masa ainihin abin da zai je yi. Ƙishirwa da gajiya da sanyin kan dutse duk suna tayar da sikila, nutso da tulun iska kuwa likitoci na hana mai wannan ciwo.

4. Kayan da za ka ɗauka

Jakar goyo mai cin lita 30 zuwa 40 ta isa, tunda a gidajen baƙi za ka riƙa kwana, ba a tanti ba. A ciki: safa mai kauri ƙafa uku, riguna biyu masu saurin bushewa, dogon wando, rigar sanyi mara nauyi, rigar ruwan sama, malafa ko hula mai baki, tocilar goshi, usur, filasta, maganin ciwon jiki, ƙunshin gishiri da sukari na kemis, ƙwayoyin tace ruwa, batirin cajin waya, da robobin da za su ɗauki lita uku. Ka ƙara dabino da gyaɗa. Man kariya daga rana ma ka saya, baƙar fata na ƙonewa, musamman a kan ruwa. Na ga yadda hancina ya yi saɓa.

Sanda biyu na tattaki suna rage wa gwiwa aiki ƙwarai. Ka sa su a akwatin da za a auna, don ba a cika barin su shiga cikin jirgi a hannu ba, ko ka saya a Fethiye. Babban akwatinka ka bar shi a otal ɗin da ka fara sauka. Yawancinsu suna ajiyewa idan ka ce za ka dawo.

5. Kuɗi

Darajar lira, kuɗin Turkiyya, ba ta tsayawa wuri ɗaya. A farkon 2021 dala ɗaya ba ta kai lira 8 ba, a 2024 ta haura 30. Saboda haka duk farashin lira da wani ya faɗa maka na bara, ka watsar da shi, ka yi lissafi da dala ko yuro. A ƙiyasi, tashi da lema na cin tsakanin dala 100 da 200 gwargwadon wata da kamfani, hoto da bidiyo kuma kuɗinsu daban. Yini guda a kwale-kwale da abincin rana, ko nutson gwaji, kowanne ka ware masa dala 50 zuwa 100. Kwana a gidan baƙi na ƙauye da abincin dare da karin kumallo, ka ware dala 40 zuwa 70. Tattakin kansa kyauta ne, babu mai karɓar ko sisi a bakin hanya, sai wuraren tarihi irin su Patara da ake yankar tikiti.

Kada ka dogara da katin bankin gida. Riƙe dala ko yuro, ka canza kaɗan a filin jirgi, sauran a shagunan canji na cikin Fethiye, inda za ka ga an rubuta döviz. Kafin ka shiga ƙauyuka ka cika aljihu da lira, har da ƙananan takardu, don can ba wurin neman na'urar cire kuɗi ba ne.

6. Ranar gwaji: Kayakoy zuwa Oludeniz

Kwana na farko ka huta. A na biyu ka hau dolmush, wato ƙaramar motar haya irin tamu, zuwa Kayakoy, ƙauyen da ya zama kufai bayan musayar jama'a tsakanin Turkiyya da Girka a 1923. Daga saman kufan akwai hanya da ke ratsa daji ta sauka Oludeniz, wani ƙaramin gari na bakin teku, tafiyar sa'a biyu zuwa uku. Ka yi ta da cikakkiyar jakarka. A nan za ka gane ko takalmi na cizo, ko jaka ta yi nauyi, ko lita nawa kake sha a sa'a. Gara ka gane yau, kana kusa da kanti, da ka gane jibi a tsakiyar dutse.

7. Tashi da lema daga Babadag

Sa wannan a kwana na uku, kafin tattaki. Dalili biyu ne. Na ɗaya, iska ce ke da iko: in ta ƙi, a ɗage tashi, kuma wanda ya ajiye abin sai ranar ƙarshe ya rasa ke nan. Na biyu, ana buƙatar ka ɗan yi gudu wajen tashi, ƙafar da ta yi bororo ba ta gudu.

Babadag dutse ne mai tsayin mita 1,969 da ke tsaye a kan Oludeniz. Akwai wuraren tashi a mita 1,200 da 1,700 da 1,800 da 1,900, kuma yanayin ranar ne ke nuna wanda za a yi amfani da shi. Ana hawa da mota, ko da motar waya da suke kira teleferik, wadda aka buɗe a 2021. Ba kai kaɗai za ka tashi ba. Kana gaba, matuƙi na bayanka, an ɗaure ku a lema guda. Tashin na ɗaukar minti 25 zuwa 40, a sauka a bakin teku.

Kafin ka biya, yi tambayoyi huɗu. Kuɗin ya haɗa da mota da kuɗin shiga dutsen? Nawa ne hoto? In an fasa saboda iska, za a maida kuɗi? Matuƙin na da lasisin ɗaukar fasinja, kuma akwai inshora? Ni ban tambayi kuɗin hoto ba, sai da muka sauka jikina na rawar murna aka miƙo mini farashi, lokacin da ba ni da bakin ciniki. Galibi ba sa barin fasinja ya riƙe wayarsa a sama, don haka ka gama maganar tun a ƙasa. Akwai kuma iyakar nauyi, yawanci kilo 100 zuwa 110. Faɗi nauyinka na gaskiya, da shi ake zaɓar lema.

Zaɓi tashin safe. Iska ta fi kwanciya, da rana kuwa zafin da ke tasowa daga ƙasa na girgiza lema. Ci abu kaɗan, kada ka tafi da cikakken ciki. Sa takalmi rufaffe mai igiya, dogon wando da rigar sanyi, saman dutsen da sanyi ko da ana gumi a ƙasa.

A wurin tashi za a sa maka hular kwano da ɗamarar da ke zagaye cinyoyi da ƙirji. Ka kalli hannun matuƙin lokacin da yake ɗaure maɗauran, kuma ba laifi ka ce ya sake dubawa. Daga nan zai shimfiɗa lemar a bayanku, ya tsaya yana kallon ƙyallen da ke nuna iska. Da ya ce a tafi, ka yi gaba. Za ka ji an finciko ka baya lokacin da lemar ta cika da iska, kada ka tsaya, ka ci gaba da gudu har sai ƙafafunka na harbin iska.

Gargaɗi: kada ka zauna sai matuƙi ya ce ka zauna, kada kuma ka yi tsalle. Mutumin da ke gabana a layi ya ga bakin gangaren ya durƙusa, shi da matuƙinsa suka ja gindi a kan tsakuwa, aka sake shiri daga farko.

Da kun daidaita a sama sai tsoron ya tafi, abin da ban yi zato ba. Babu ƙarar inji, sai fitar iska a cikin igiyoyi, jiragen ruwa a ƙasa kamar ƙwayar shinkafa. Can matuƙin zai tambaye ka ko kana son ya yi wasa, wato ya riƙa juya lemar kamar ana kaɗa miya. In kana da jiri a mota, ce a'a. Wajen sauka ka miƙe tsaye a cikin ɗamarar, ka shirya taku biyu ko uku.

'Yar'uwa, ke ma za ki iya. Sa wando mai kauri da riga mai tsawo zuwa gwiwa, domin ɗamarar tsakanin cinyoyi take bi, abaya ko zane ba za su yi ba. Ƙaramin hijabi mai kama kai shi ke shiga ƙarƙashin hular kwano, a cusa jelarsa cikin riga don kada ta kama igiya. Akwai matuƙa mata, amma ba su da yawa, sai ki nema kwana biyu kafin ranar.

8. Kwana uku a kan Hanyar Likiya

Wannan ita ce zuciyar tafiyar. Hanyar Likiya, Likya Yolu a bakin Turkawa, ta fi kilomita 500, daga kusa da Fethiye har kusa da Antalya. Wata 'yar Ingila mai suna Kate Clow ce ta haɗa tsofaffin turakun makiyaya da na alfadarai ta yi musu alama, aka buɗe a 1999. Mai son gama ta duka sai ya ware wata guda. Kai kwana uku na farko za ka yi, kuma a ganina suna cikin mafi kyawunta.

Fara da koyon alama. Zane biyu ne na fenti, fari da ja, a jikin dutse ko itace. Jan gicciye na nufin ba nan ba ce hanya. A mararraba akwai alluna masu launin rawaya da kore. Ƙa'idar da za ka riƙe: in ka yi minti biyar ba ka ga alama ba, tsaya, koma ta ƙarshe da ka gani. Turakun awaki sun fi hanyar gaskiya fitowa sarai, kuma bakin rami suke kai mutum. Ka sauke taswira mai aiki ba intanet a wayarka tun kana otal, irin su Organic Maps, don layi na ɗaukewa a cikin kwazazzabai.

Rana ta farko daga ƙauyen Ovacik da ke kusa da Oludeniz zuwa ƙauyen Faralya, kusan kilomita 14, sa'a biyar zuwa shida. Ka fita da an yi sallar asuba gari ya waye. Sa'o'i biyu na farko hawa ne a gefen Babadag, babu inuwa sosai, tafkin Oludeniz na ƙasa ta hannun dama, masu lema na wucewa ta saman kanka. Bayan ƙauyukan Kozagac da Kirme sai gangara. A ɗaya daga cikinsu na tarar da wata tsohuwa zaune gaban faifan ƙarfe tana murza ƙullu da siririyar sanda har ya yi kamar takarda, ta zuba cuku da ganye ta ninke. Gozleme suke kiransa. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, amma da na yi sallama sai ta ɗago ta amsa cikakkiya, ta ƙaro mini shayi a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu. In ka ga irin wannan rumfa, zauna ka ci, ka sha ayran, nonon da aka dama da gishiri. Yana maida abin da gumi ya kwashe.

Gargaɗi: daga Faralya za ka hango Kwarin Malam-buɗe-littafi a ƙasa, da ɗan bakin teku fari. Akwai wata hanya mai igiyoyi da ke sauka can ta jikin bangon dutse. Mutane sun mutu a kanta. Kada ka bi, ko da ka ga wasu na bi. Mai son ganin kwarin ya hau jirgin ruwa daga Oludeniz.

Rana ta biyu gajera ce, Faralya zuwa Kabak, sa'a uku ko ƙasa da haka ta hanyar sama. Ka yi wanka a teku, ka wanke safa, ka kwanta da wuri.

Rana ta uku ce mai wuya. Daga Kabak zuwa Alinca kilomitocin ba su da yawa, amma hawa ne na wajen mita 700, kuma kada ka sa ran kanti a tsakani. Cika lita uku kafin ka tashi. Sha kaɗan-kaɗan kowane minti ashirin, kada ka jira ƙishirwa. In fitsarinka ya yi ja, ko kai ya fara sara, nemi inuwa, kaɗa gishiri da sukari. Wanda rana ta biyu ta riga ta gajiyar da shi ya tsaya a Kabak, akwai dolmush da ke komawa Fethiye daga saman ƙauyen. Alinca kuwa mota ba ta cika zuwa ba, sai ka yi magana da mai masaukinka tun dare ya samo wanda zai sauke ka babban titi.

Game da ruwa: famfunan ƙauye da na masallatai su ne abin dogaro. Za ka riƙa ganin tsofaffin rijiyoyi masu rufin ƙubba da ake tara ruwan sama. Ruwansu sai an tace ko an sa ƙwaya, wani lokaci ma babu guga.

Game da karnuka: makiyaya na da manyan karnuka masu gadin awaki, wasunsu sun kai ɗan maraƙi. Kada ka ratsa tsakiyar garke, kada ka gudu. Tsaya, riƙe sanda a gabanka, ka kewaye a hankali, ka ɗaga murya makiyayin ya ji. Sunkuyawa kamar za ka ɗauki dutse na aiki a can kamar yadda yake yi a gida. Akwatunan zuma kuma jere suke a gefen hanya, wuce su shiru, ka bar turare a otal. Da safe ka zazzage takalmi saboda kunama.

Game da salla: kada ka kalli gabas yadda ka saba. Daga wannan yanki alƙibla na kudu maso gabas ne, ta ɗan fi karkata kudu. Kusan kowane ƙauye na da masallaci da wurin alwala. Agogon Turkiyya na gaban na Najeriya da Nijar da sa'a biyu. Abincin ƙauye ba shi da matsala, amma a Hisaronu da Oludeniz, inda Turawan Ingila suka yi yawa, wasu gidajen abinci na sa naman alade a karin kumallo, sai ka tambaya.

Lambar gaggawa 112 ce. Kowace safiya ka gaya wa mai masauki inda ka nufa, kuma kada ka kunna wuta a daji ko ta dafa shayi ce.

9. Sauka Kash, da kwale-kwale a Kekova

Daga Fethiye zuwa Kash kilomita ɗari da 'yan kai ne, sa'a biyu da wani abu a mota. In da lokaci ka ratse Patara, mai rairayin bakin teku na kusan kilomita 18. Ana rufe shi da dare a lokacin da kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai.

Washegari kwale-kwale. Kamfanonin Kash na ɗaukar mutane da sassafe zuwa ƙauyen Ucagiz, a ba kowa rigar ceto da filafili mai kai biyu, yawanci mutum biyu a kwale-kwale guda. Za ku tsallaka zuwa tsibirin Kekova, ku bi ta saman wani tsohon gari da girgizar ƙasa ta nutsar, kana ganin matakala da harsashin gine-gine na gangarawa cikin ruwa. Daga nan sai Kalekoy, inda wani kabarin dutse ke tsaye a tsakiyar ruwa, a ci abinci, a hau ganuwa.

Mai nauyi ko wanda ya fi ƙarfi ya zauna baya, shi ke riƙe da akala. Ku daidaita bugun filafili, kuma ka juya da ƙugu, kada ka bar wa hannu aikin, in ba haka ba kafin azahar kafaɗa ta mutu. In ba ka iya iyo ba ka faɗa wa jagora tun a mota, zai ajiye ka kusa da shi. Rigar ceto ba a cire ta don hoto.

Gargaɗi: an hana iyo da nutso a kan garin da ya nutse, an kuma hana ɗaukar komai. A inda aka yarda a yi wanka, sa takalmin roba, akwai bushiyar teku mai ƙaya a jikin duwatsu. Mata za su samu rigar wanka mai rufe jiki a kasuwa, sunanta hashema.

10. Nutso, sannan yini guda na hutu

Kash na cikin wuraren nutso mafi suna a Turkiyya, har da wani tsohon jirgin sama samfurin Dakota da aka nutsar da gangan don masu lasisi su riƙa ziyarta. Kai sabon shiga nutson gwaji za ka yi: malami na riƙe da kai, zurfin 'yan mitoci, minti ashirin zuwa talatin. Mai son lasisin farko, wanda ke ba da damar sauka mita 18, ya ƙara kwana uku ko huɗu.

Za a ba ka takardar tambayoyin lafiya, cika ta da gaskiya. Mai ciki ba ta nutso, mai mura ma ya haƙura, don toshewar hanci na hana kunne daidaita. Abu biyu za ka riƙe a ƙasa. Kada ka taɓa riƙe numfashi, shaƙa ka fitar a hankali ba yankewa. Sannan tun daga mita na farko ka toshe hanci ka ɗan hura har kunne ya buɗe, ka maimaita kowane mita. In kunne ya yi zafi, nuna wa malami, ku ɗan hau sama. Babban yatsa a sama ba ya nufin lafiya lau a can, yana nufin a fita. Alamar lafiya ita ce ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

Gargaɗi: wannan ne dalilin da ya sa nutso ya zo ƙarshe. Iskar da jiki ya tsotsa a ƙarƙashin ruwa na buƙatar lokaci kafin ta fita, kuma hawa sama da wuri na iya sa ta yi kumfa a cikin jini. Ka bar sa'a 24 tsakanin nutsonka na ƙarshe da shiga jirgin sama. Haka ma hawan Babadag, ko da a mota ne. Saboda haka in an ɗage maka tashi da lema har zuwa ƙarshen tafiya, yi shi tukuna, nutso ya biyo baya.

Yinin hutun ka koma Fethiye ka ɗauki akwatinka, ka kwana can, don daga Kash zuwa Dalaman tafiyar wajen sa'a uku ce, ba abin da za a yi da asubar ranar tashi ba. Ka wanke takalmi ya bushe kafin ka sa shi a akwati, sandunan kuma su koma cikin kayan da za a auna.